Ku Tambaya Mu Amsa: Manhajar da Ta Kasa Rubuta Sunan Sa'idu

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga jihar Kabi suka fito, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda ake gina manhaja mai kilas da objek (kilas shi ne tsarin da ake zanawa, objek kuma abin da aka ƙera daga tsarin), da yadda ake haɗa ta da rumbun bayanai ba tare da lissafi ya rikice ba. Mun taƙaita tambayoyin da suka yi tsawo.

Assalamu alaikum Malamai. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi. Wasu na cewa in fara da Java, wasu Python, wasu C#. Na taɓa kowanne kaɗan, ban riƙe ko ɗaya ba. Wanne zan kama?

Wa alaikumus salam. Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Kama wanda ake koyar da ku da shi a aji, domin shi ne za ka samu wanda zai duba maka kuskure. In zaɓi a hannunka yake kuma kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ɗauki Python: yana zuwa da SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, a cikinsa, ba sai ka sauke wani abu ba kafin ka fara ajiye bayanai. Java kuma ya fi tsanani, sai ka faɗi nau'in kowane abu kafin ya yarda, kuma wannan tsananin yana gyara hannun mai koyo. Dabarar kilas da objek ta girme su duka, tun 1967 take cikin harshen Simula da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro a Norway, alhali Python a 1991 ya fito, Java a 1995. Wanda ya gane ta a harshe ɗaya ba ya wahala in ya koma wani. Abin da ba mu yarda ka jinkirta ba shi ne SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi. Fara shi tun yanzu, kafaɗa da kafaɗa da harshen da ka zaɓa.

Malamai, ina rubuta manhaja ta ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Argungu. Na yi kilas Mutum, sannan Manomi da Dillali da MaiSaye duk suka gaje shi. Yanzu ga wani memba yana noma, kuma yana dillanci ranar kasuwa. Na shigar da shi sau biyu, bashinsa ya rabu gida biyu. Ina na kuskure?

Ba a rubutun kod ka kuskure ba, a wajen tunanin ne. Kilas kamar ƙarfen buga bulo yake, objek kuma shi ne bulon da ya fito daga ciki. Da zarar an buga objek daga kilas Manomi, manomi ne har ya bar ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya rikiɗa ya koma Dillali ranar kasuwa. Gado, wato wani kilas ya ɗauki siffofin wani kilas, ya dace ne inda abu yake wani nau'i na wani abu har abada. Noma da dillanci kuwa sana'o'i ne da mutum yake ɗauka ya ajiye, ko ya haɗa biyu a lokaci guda.

Ka bar kilas Mutum shi kaɗai, da suna da lambar waya da gari. Ka yi wani kilas mai suna Matsayi, kowane Mutum ya riƙe jerin matsayinsa. A rumbun bayanai tebur biyu ke nan: mutum, da matsayin_mutum mai ɗauke da lambar mutumin, da sunan matsayin, da ranar da ya fara. Abin da ya shafi dillanci kawai, kamar yawan la'adar da yake karɓa kan buhu, ya zauna a wajen matsayin. Bashi kuwa a rataya shi a wuyan mutumin, tunda shi zai biya ko da wace hula ya ci shi.

Inda gado ko yarjejeniyar aiki take da amfani a manhajarka shi ne wajen biyan kuɗi. Tsabar kuɗi, tiransifa da POS duk hanyoyin biya ne, kowace tana da aikin tabbatar(), amma kowace da yadda take yin sa: ta tsabar kuɗi ta amince nan take, ta tiransifa sai an shigar da lambar shaidar banki. Sashen da ke rufe ciniki ya kira tabbatar() kawai, bai damu da wace hanya ce ba. Ranar da aka ƙaro sabuwar hanya, kilas ɗaya za ka ƙara, ba za ka bi manhajar kana cusa if a wuri goma ba.

Ranku ya daɗe. Yayana yana sayar da albasa a Aliero, ina so in yi masa manhajar lissafi. Na yi tebur ɗaya mai suna ciniki: sunan mai saye, kaya, farashi, bashi. Da farko lafiya lau, yanzu jimillar bashi ba ta yin daidai da littafinsa. Ta ina zan gyara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan wata, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Tebur ɗaya da ya ɗauki komai littafin shago ne aka kwafe cikin kwamfuta, har da cututtukansa. Yau an rubuta Alh. Wane, gobe Alhaji Wane, jibi an manta da Alhajin gaba ɗaya. Yayanka ya san mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani, kowa da bashinsa. Maganin da Edgar Codd ya kawo a 1970, lokacin yana aiki a IBM, har yau shi ne: kowace gaskiya a rubuta ta wuri ɗaya tak, sauran wurare su yi nuni gare ta da lamba.

Ga yadda za ka raba. Tebur na farko mai_saye, kowa da lambarsa da rumbun zai ba shi da kansa. Kada ka mai da suna ko lambar waya su zama mabuɗi, wato abin da ke bambanta layi da layi a tebur, domin suna yana maimaituwa, layin waya kuma yana ɓata ko a canza shi. Na biyu kaya: ja ce ko fara, sabuwa ce ko ta ajiya, da ma'aunin da ake sayar da ita. Na uku ciniki, wanda ke ɗauke da rana da lambar mai saye kawai. Na huɗu layin_ciniki, inda kowane layi yake faɗin lambar cinikin, lambar kayan, buhu nawa, da farashin da aka sallama a ranar. Na biyar biya: wa ya biya, nawa, yaushe, ta wace hanya.

Ka lura da farashin nan na cikin layin_ciniki. Masu koyo kan ce ai maimaici ne tunda akwai farashi a teburin kaya, sai su cire shi. Kuskure ne babba. Kowa a Aliero ya san kuɗin buhu lokacin da ake cire albasa daban yake da na bayan ta yi watanni a rumbu. In rasit ɗin watan Maris yana ɗauko farashinsa daga teburin kaya, ranar da ka sabunta farashi a watan Oktoba duk tsofaffin rasit za su canza, wanda ya gama biya ya wayi gari ana bin sa. Farashin yau abu ɗaya ne, farashin da aka yi ciniki a kansa wani abu ne daban da ya riga ya faru.

Sai gurbin da ka kira bashi. Goge shi. Bashi ba abin da ake rubutawa da hannu ba ne, abin da ake lissafowa ne: jimillar abin da mutum ya ɗauka, a cire jimillar abin da ya biya. Muddin akwai gurbin da kowane sashe na manhaja zai iya taɓawa, wata rana wani sashe zai ƙara ciniki ya manta bai ƙara bashi ba, kuma ba za ka san ranar da abin ya faru ba. A ɓangaren kod ma haka: kilas Asusu kada ya bar kowa ya sa masa lamba kai tsaye. Ya ba da ƙofa biyu, ɗauki_kaya() da biya(), kowace ta ƙi karɓar sifili ko abin da ya gaza sifili, sannan saura() ta yi lissafi. Abin da ake nufi da killace bayanai a cikin objek ke nan, ba wai sanya kalmar private don malami ya gani ba. Wani tarko a nan: SUM, umarnin tara jimilla, a kan mutumin da bai taɓa biyan ko sisi ba NULL yake bayarwa, wato babu bayani, ba sifili ba, kuma duk abin da aka cire NULL daga cikinsa NULL yake komawa. Sai sabon mai saye ya fito ba bashi a kansa. Rubuta COALESCE(SUM(kudi), 0).

Kayan rumbu ma ka bi da su haka. Albasa tana ruɓewa, tana bushewa, ana tsince ta buhu goma su koma tara. Yi tebur na motsin kaya mai layi ɗaya ga kowace shiga da kowace fita, da dalili: saye, sayarwa, ruɓewa, kyauta. In an yi kuskure kada a goge layi, a ƙara wani da ke warware shi. Ta haka ne in lissafi ya saɓa da littafin yayanka za ku zauna ku bi layi-layi har ku ga inda aka rabu.

In SQLite kake amfani da shi, ka sani ba ya tilasta alaƙar tebur da tebur sai ka umarce shi. Duk lokacin da manhaja ta buɗe rumbun, ta fara aika PRAGMA foreign_keys = ON. In ba haka ba zai bar ka ka goge mai saye, cinikinsa su zauna marayu.

Malam, ni malamar makaranta ce a Jega, ina koyon Java da yamma. Manhajar rajistar ɗalibai da na yi tana karɓar kowane suna, amma da na rubuta Sa'idu sai ta kawo saƙon kuskure. Haka Mu'azu da A'isha. Sannan Ɗanladi yana fitowa ?anladi.

Malama, sannu da ƙoƙari. Matsala biyu ce, kuma ta farkon ta yi miki rana, domin ta tona wani rami da ya fi ta haɗari.

Ba mu ga kod ɗinki ba, amma alamar ta nuna kina ɗinka umarnin SQL ne da alamar tarawa, kina manna abin da aka rubuta a akwatin suna cikin jimlar. A SQL, alamar nan da muke sawa a tsakiyar Sa'idu ita ce ke buɗe rubutu da rufe shi. Rumbun yana ganin 'Sa' ya ɗauka sunan ya ƙare, sai ya ci karo da idu' bai san mene ne ba. Littattafan koyo da aka rubuta da sunaye irin su John ba sa nuna wannan da wuri, mu kuwa rajistar aji ɗaya ta isa. Haɗarin shi ne, ƙofar da Sa'idu ya faɗa ita ɓarawo yake bi da gangan. In shafin shiga manhajar haka aka ɗinka shi, wani zai rubuta ' OR '1'='1 a gurbin kalmar sirri, sharaɗin ya zama gaskiya ga kowa, ya shige.

Kada ki ce za ki riƙa cire alamar daga sunaye, sunan yaro ne, haka iyayensa suka raɗa masa. A Java ki yi amfani da PreparedStatement: ki rubuta INSERT INTO dalibi (suna) VALUES (?), sannan setString(1, suna). Umarni yana tafiya daban, bayani yana tafiya daban, rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Masu Python da SQLite su ma alamar tambayar ce, a miƙa (suna,) a matsayin abu na biyu, kuma waƙafin nan na bayan suna dole ne. Ki bi duk manhajar, duk inda kika ga an manna abin da mutum ya rubuta cikin SQL ki canza shi, har akwatin bincike.

Ta biyun kuma ta haruffa masu lanƙwasa ce. Ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin tsohon tsarin ajiye haruffa na latin1, don haka duk inda rubutu ya ratsa ta wannan tsari sai a musanya su da alamar tambaya, kuma abin da aka riga aka ajiye a haka ba ya dawowa, sai an sake shigar da shi. Wuri uku za ki duba: teburin kansa, igiyar da ke haɗa manhaja da rumbun, da fayil ɗin da kike ɗauko sunaye daga ciki. Duka su zama UTF-8, tsarin da ya ɗauki haruffanmu. In rumbunki MySQL ne ki zaɓi utf8mb4, domin wanda suka daɗe suna kira utf8 bai cika ba, yana ɗaukar haruffanmu amma ba ya ɗaukar 'yan hotunan nan na saƙon waya.

Ko bayan kin gyara, bincike zai ba ki ciwon kai. Wani zai rubuta Danladi da d talaka, wata wayar kuma tana sa lanƙwasasshiyar alama a Sa'idu maimakon miƙaƙƙiya. Umarnin bincike LIKE na SQLite yana daidaita babban baƙi da ƙarami a haruffan Ingilishi ne kawai, bai san Ƙ da ƙ ɗaya ba ne. Wanda ke aiki wajen Kamba zai ƙara da wata: 'yan'uwanmu na Nijar da ƴ suke rubuta abin da muke rubutawa da 'y. Ki ƙara gurbi na biyu, suna_bincike, inda manhaja za ta ajiye sunan da ƙananan baƙaƙe, ba lanƙwasa, ba alama. Abin da mai bincike ya rubuta shi ma a wanke shi haka kafin a kwatanta. Na asalin shi ake bugawa a takardar sakamako.

Malamai, ina yi wa wani mai sayen shinkafa shanshara a Yauri manhaja da Java. Da na ajiye kuɗi a double, kobo yana ɓacewa. Na koma int ina lissafi da kobo, sai wani babban ciniki ya fito da alamar ragi a gabansa.

Ruwa ba ya tsami banza. Double, nau'in lamba mai ɗigo, da tsarin biyu-biyu yake ajiye lamba, kuma 0.1 ba ta da cikakken wakili a wannan tsari, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa in an rubuta shi 0.333. Tara 0.1 da 0.2 ka buga, za ka ga 0.30000000000000004. Komawarka kobo daidai ne, akwatin da ka zaɓa ne ya yi kaɗan. Iyakar int, nau'in lamba marar ɗigo, a Java 2,147,483,647 ce, wato N21,474,836.47 in kobo ake ƙirgawa. A ce an sayi buhu 600 kan N40,000 kowanne: kobo 2,400,000,000 ke nan, ya haura iyaka, Java kuma ba ya ko tari, sai ya zagayo ya ba ka -1,894,967,296.

Koma long a kod, BIGINT a tebur, su ne akwatunan da suka fi int girma. Ka kula, in buhu da farashi duka int ne, ninkawar a int za a yi ta kafin a zuba a long, ɓarnar ta riga ta auku, don haka farashin kansa ya zama long. Math.multiplyExact yana ihu in an haura iyaka maimakon ya yi shiru. Inda ake raba riba ko cire kaso cikin ɗari, yi amfani da BigDecimal, ka gina shi daga rubutu kamar "0.1", kuma ku yanke shawara da mai kayan wa zai ɗauki kobon da ya rage. Lambar waya kuwa ba lambar lissafi ba ce, a rubutu ake ajiye ta, in ba haka ba sifilin farko na 080 zai faɗi.

Gaisuwa Malam. An ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da ciniki a shagon da na yi wa manhaja a Zuru. Da aka kunna janareta, kaya sun ragu a lissafi amma babu cinikin.

Ciniki ɗaya a idon mai shago rubutu uku ne ko huɗu a rumbun: buɗe ciniki, zuba layukansa, rage kaya, rubuta biya. Kai kana aika su ɗaya-ɗaya, kowanne yana tabbata shi kaɗai. Ɗaure su a ƙulli ɗaya: BEGIN a farko, COMMIT a ƙarshe, ROLLBACK in wani abu ya faɗi a tsakani. A Java setAutoCommit(false) ne kafin ka fara. In wuta ta tafi kafin COMMIT, da rumbun ya tashi zai warware rabin aikin da kansa. Mai MySQL ya duba injin teburinsa InnoDB ne, domin MyISAM bai san wannan ƙulli ba sam, zai karɓi ROLLBACK bai warware komai ba. Kada a buga rasit sai COMMIT ya dawo lafiya.

In yara biyu ke sayarwa a kwamfuta biyu, kada manhaja ta karanto saura, ta rage a ƙwaƙwalwarta, ta mayar. Duka biyun za su ga buhu 5, duka su sayar. In a gurbin saura na teburin kaya kake riƙe yawan kaya, bar rumbun ya yi ragin: UPDATE kaya SET saura = saura - 5 WHERE id = ? AND saura >= 5, sannan ka duba layi nawa ya taɓa. In sifili ne, kaya sun ƙare, a warware cinikin. Kuma ba a kwafe fayil ɗin SQLite zuwa filashi ana cikin aiki da shi, kwafin na iya fitowa a lalace. Yi amfani da umarnin .backup ko VACUUM INTO, ka riƙa buɗe kwafin a wata kwamfuta lokaci-lokaci ka ga ko yana buɗuwa.

Malamai, shafin masu bashi yana ɗaukar kusan minti guda kafin ya buɗe, alhali mutum 500 ne kawai. Daga Bunza.

Mutum 500 ba komai ba ne a wajen rumbun bayanai. Kusan tabbas kana ɗauko jerin mutanen da tambaya ɗaya, sannan a cikin zagaye kowane objek yana zuwa ya tambayo nasa bashin: tambaya 501 ke nan, in har da biya 1,001. Kayan aikin da ke juya tebur zuwa objek, irin su Hibernate, suna yin haka a ɓoye in ba a hana su ba. Kunna rubuta SQL ɗin da manhajar ke aikawa ka ƙirga da idonka. Tara jimillar ciniki da GROUP BY, tara ta biya ita ma daban, sannan ka haɗa su da mutanen da LEFT JOIN. In ka haɗa teburan biyu kafin ka tara, layuka za su ninka juna bashi ya kumbura. Sannan ka sa fihirisa (index), wadda ke kai rumbun ga layi kai tsaye, a gurbin lambar mai saye cikin teburin ciniki da na biya. InnoDB na MySQL yana yin ta da kansa in ka ayyana alaƙar teburan, rumbunan PostgreSQL da SQLite ba sa yi. A SQLite sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban tambayar: in ka ga SCAN a kan babban tebur, layi-layi yake bi, in ka ga SEARCH da sunan fihirisarka, ta kama.